Yadda ake zaɓen launi da shafen kan famfo ba tare da ka jawo wa kanka aikin goge-goge ba

Ranar da aka ɗaura min baƙin kan famfo a kicin, irin wanda ba ya ƙyalli ɗin nan, sai da na tsaya ina ta kallonsa, don wallahi ya yi kyau, ya zauna daram da farin sinki da tayil ɗin bango. Ko sati biyu bai rufa ba na fara ganin fararen ɗigo-ɗigo a jikinsa kamar an barbaɗa masa alli, in na goge da tsumma su tafi, washegari su dawo, wata rana raina ya ɓaci na ɗauki soson wanke-wanke, ɓangaren nan mai kaushi, na dirje wuyan famfon da ƙarfi, toh tun daga ranar wurin ya zama yana ɗan sheƙi shi kaɗai a tsakiyar baƙin kuma babu abin da zai mayar da shi yadda yake. Famfon yana aiki lafiya lau har yau, amma duk sanda na buɗe ruwa sai idona ya faɗa kan wurin nan. Shi ya sa nake son in bi da ku abin daki-daki, don mafi yawanmu da ido muke zaɓen famfo, alhali ruwan gidanka da irin lokacin da kake da shi na gogewa su ya kamata su fara yin magana kafin ido.

Mataki na farko, ka san ruwan gidanka tukuna

Kafin ka kalli hoton famfo ko ɗaya, je ka leƙa cikin butar da kake tafasa ruwa. In ka ga farin abu ya daskare a gindinta yana ɓamɓarewa kamar ɓawon ƙwai, ruwanka yana da ma'adinai da yawa, wato kalsiyam da maganisiyam, kuma su ne in ruwa ya bushe suke zama fararen tabon nan. Wani gwajin mai sauƙi, ka wanke kofin gilashi tas, ka ɗauraye, ka kife shi ya bushe da kansa kada ka goge, da safe ka ɗaga shi wajen haske, yadda ka ga jikin kofin nan haka jikin famfonka zai riƙa zama kullum. Haka in sabulu ba ya kumfa sosai sai ka yi ta cuɗawa, shi ma alama ce.

Wanda yake son lissafi akwai 'yan takardun gwaji da ake tsomawa a ruwa su canza launi. Ƙasa da miligiram 60 na ma'adinai a lita ruwa ne mai laushi, daga 121 zuwa 180 ya shiga sahun mai ma'adinai sosai, sama da 180 kuwa sai dai haƙuri. Ka kuma lura ko ruwan yana barin jan tabo kamar tsatsa a sinki, wannan ƙarfe ne a cikin ruwan, shi kuma ya fi nunawa a kan abu mai haske.

Me ya sa na fara da wannan? Saboda farin tabo a kan baƙin abu ko abu mai duhu yana fitowa ɓaro-ɓaro, a kan mai ƙyalli kamar madubi ma yana fitowa amma ana iya wanke shi da abu mai tsami ba fargaba, a kan mai launin toka-toka da ba ya ƙyalli kuwa sai ka matso kusa kafin ka gani. Kaga tun ba ka fita daga gida ba rabin zaɓin ya riga ya ƙare.

Na biyu, waye zai riƙa taɓa shi, waye zai riƙa goge shi

Nan sai ka gaya wa kanka gaskiya. Famfon kicin ana buɗe shi sau barkatai a rana, da hannu mai maiƙo, da hannu mai sabulu, tukunya ta buge shi, cokali ya karce shi. Na banɗakin yara kuma man goge baki ne zai riƙa fallatsa a kai ya bushe. Na banɗakin baƙi sai a kwana biyu ba a taɓa shi ba. In kana da burin baƙin famfo ko mai ruwan zinare, kai shi inda ba a yawan amfani da shi, kicin kuwa ka ba shi wanda zai jure wahala. Kuma in ba kai kake gogewa da hannunka ba, ka tuna wanda zai goge zai ɗauki duk abin da ya samu a kusa ne, ba zai tsaya karanta takarda ba.

Na uku, duba abin da ke ƙarƙashin shafen

Wannan mutane da yawa suna tsallake shi, alhali shafe komai kyansa a kan gangar jiki yake zaune, in jikin ya ruɓe shafen binsa zai yi. Iri uku aka fi yi. Akwai tagulla rawaya, wadda haɗin jan ƙarfe ce da zinki, ita ce aka fi yarda da ita. Akwai sitenles, wato ƙarfen nan da bai cika tsatsa ba, mai kyan shi ne wanda aka rubuta 304, a cikin haɗinsa akwai ƙarfen kurom wajen kashi 18 cikin ɗari da ƙarfen nikel wajen kashi 8. Sai kuma wanda aka zuba da zinki aka shafa masa ƙyalli a sama, a ido ba za ka bambance shi da na tagulla ba, amma bayan wani lokaci sai ka ga jikin ya fara ƙuraje-ƙuraje, shafen yana kumbura yana ɓarewa.

Yadda za ka gane, ɗaga shi a hannu ka ji nauyi, sannan ka juya shi ka leƙa cikin zaren da ake ɗaurawa da bututu, in ka ga rawaya tagulla ce, in ka ga toka-toka mai dishi-dishi zinki ne ko sitenles, sai ka duba kwali ka tabbatar. Nauyi kaɗai kada ka dogara da shi don zinki ma yana da nauyi. Gwajin maganaɗisu da wasu ke yi shi ma bai raba gardama, don maganaɗisu ba ya kama tagulla kuma ba ya kama zinki. Ka tambaya kuma ko abin da ke buɗe ruwa a ciki na tangaran ne, don irinsa bai cika ɗiga ba, kuma famfon da ke ɗiga shi ke tara farin dutse a bakinsa da gindinsa, kaga ko shafen duniya gare shi ɗigar nan za ta ɓata shi.

Na huɗu, yanzu ne za mu kalli shafen ɗaya bayan ɗaya

Kurom, wato mai ƙyalli kamar madubi. Yadda ake yinsa, ana tsoma jikin famfon a ruwan sinadari a sa wutar lantarki, a fara shafa nikel, sannan a ɗora kurom siriri ƙwarai a sama. Nikam ina ganin an raina kurom ne kawai don ya yi yawa a ko'ina. Gaskiya yana nuna shatin yatsa da tabon ruwa, wannan ba ƙarya, amma shi ne wanda in ya yi datti gogewa ɗaya da busasshen tsumma zai dawo sabo fil, yana jure ruwan khal, wato binega, kuma in bayan shekaru ka buƙaci canza wani abu, ko kan shawa ko maratayin tawul, kurom ɗin wannan kamfani da na wancan kusan launi ɗaya ne. In ruwanka mai ma'adinai ne kuma ba ka damu da gogewar daƙiƙa goma ba, kurom ba zai ba ka kunya ba.

Nikel mai layi-layi, wanda aka goge da burushi don ya daina ƙyalli, da ɗan'uwansa sitenles da aka yi wa irin wannan gugar. Waɗannan su ne na wanda ba ya son goge-goge. Siraran layukan nan suna watsa haske, shi ya sa shatin yatsa da ɗigon ruwa ke ɓuya a ciki. Nikel yana da ɗan ɗumi a ido, yana karkata zuwa rawaya kaɗan, sitenles kuma ya fi sanyi. Abin da ya burge ni da famfon sitenles zalla shi ne babu wani shafe da zai ɓare, abin da ke waje shi ne a ciki, ƙaramin karce ma yakan saje da layukan. Matsalarsu biyu ce: maiƙo yana shiga cikin layukan sai ka ga wurin ya yi duhu-duhu, don haka in za ka goge ka bi layin kada ka gitta shi, sannan launin nikel na kowane kamfani daban ne, ka sayi famfo a nan ka sayi kan shawa a can sai ka ga ba su yi kama ba.

Baƙi marar ƙyalli. Shatin yatsa ba ya nunawa sosai a kansa, wannan alheri ne, amma farin tabo, busasshen sabulu, man goge baki, har ƙura, duk a fili suke. Kuma ba ya son dirza ko kaɗan, kun dai ji abin da ya same ni. A nan yadda aka yi baƙin yana da muhimmanci fiye da ko'ina: wani garin fenti ne ake fesawa a gasa shi a wuta ya kama, wannan in abu mai kaifi ya buge shi yana iya ɓantarewa ka hango ƙarfen ciki, wani kuma da lantarki aka shafa, wani da PVD, wanda zan yi bayaninsa yanzu. In ruwanka mai laushi ne, bismillah, baƙi zai ba ka abin da kake so. In mai ma'adinai ne, sai dai in ka yarda za ka riƙa busar da shi kullum.

Bari in ɗan tsaya kan PVD ɗin nan don za ka yi ta ganin haruffan a kwali. Ana saka famfon a wani ɗaki da aka zuƙe iskar cikinsa, a mayar da ƙarfe irin titaniyam ko zakoniyam tururi, tururin ya haɗu da iskar naitirojin ya zauna a jikin famfon ya zama wani siririn rufi mai tsananin tauri, irin dabarar da ake yi wa bakin wasu injinan huda ƙarfe ke nan shi ya sa kake ganinsu ruwan zinare. Amfaninsa, launin ba ya dusashewa da sauri kuma ba ya karcewa da sauƙi. Amma fa kada wani ya ruɗe ka, PVD ba ya hana tabon ruwa zama, tabon yana nan, abin da ya ba ka shi ne shafen zai daɗe.

Mai ruwan zinare ko launin tagulla, shi iri uku ne kuma dole ka tambaya wanne ne a hannunka. Na PVD launinsa zai zauna yadda ka saye shi. Wanda aka shafa wa tagulla wani siririn fenti mai haske kamar varnish, da kyau a farko, amma duk inda fentin ya fashe ruwa zai shiga wurin ya yi baƙi, sai famfon ya zama dabbare-dabbare, kuma man goge tagulla ba zai kai wurin ba sai an cire fentin gaba ɗaya. Sai tagulla tsirara da ba a shafa mata komai ba, ita da gangan ake barinta ta yi duhu da shekaru, inda hannu ke taɓawa ya yi haske inda ba a taɓawa ya dushe. Wasu wannan ɗin ne ma suke nema, kuma yana da kyau irin nasa. In kai mutum ne da in ka ga abu ya canza launi hankalinka ba zai kwanta ba, kada ka saya, don za ka ƙare kullum da man gogewa a hannu.

Akwai kuma mai launin ƙasa-ƙasa mai duhu da ake barin gefe-gefensa suna ɗan nuna ja. Yana ɓoye shatin yatsa, farin tabo kuwa yana nuna shi kamar baƙi, kuma wasu irinsa suna koɗewa wajen mariƙi da lokaci.

Na biyar, gwada shi da hannunka

Hasken wurin da ake sayarwa an tsara shi ne don komai ya yi ƙyalli, hoton waya kuma ya fi shi ruɗi. In famfon yana gabanka, danna babban yatsanka a jikinsa ka ɗaga, ka ga ko shatin ya zauna. In an ba ka dama ɗiga masa ruwa ka bari ya bushe. Ka kai shi kusa da taga ka gan shi a hasken rana. Ka ɗauki hoton sinkinka da mariƙan kabad ɗinka, ko ma ka cire mariƙi ɗaya ka tafi da shi ka kara a jikin famfon. Ba dole komai na ɗaki ya zama launi ɗaya ba, launi biyu suna zama tare lafiya, abin da ke ɓata ido shi ne abu biyu da suka so su yi kama amma ba su yi ba, kamar kurom a gefen nikel mai ƙyalli.

Siffar famfon ma tana cikin lissafin gogewa, ko da yake ba a cika faɗa ba. Mai zane-zane da lunguna da yawa kowane lungu gidan datti ne, sai da tsohon burushin haƙori. Mai hannu ɗaya ya fi mai hannu biyu sauƙin gogewa, kuma kana iya tura shi da bayan hannu in hannunka da maiƙo. Mai faffaɗan sama kamar faranti ruwa yana kwanciya a kai ya bushe, mai zagaye kuwa ruwan gangarewa yake. Dogon famfo a kan sinki marar zurfi fallatsi zai riƙa yi ya jiƙa kansa da kansa. Ka kuma bar tazarar da hannunka da tsumma za su shiga tsakanin famfon da bango, don bayan nan ne datti ya fi taruwa.

Na shida, takardar cikin kwali. Karanta inda aka yi maganar wankewa tun kafin ka biya, in ka ga an hana abu mai tsami gaba ɗaya kai kuma ruwanka mai ma'adinai ne, ka san akwai aiki a gabanka. Ka duba ko garantin ya haɗa da shafen ko kayan ciki kawai ya rufe, kuma galibi in ka wanke da abin da suka hana garantin ya tashi.

Na bakwai, ranar ɗaurawa

Famfo da yawa a ranar farko ake ji musu ciwo. Ka roƙi mai ɗaurawa ya naɗa tsumma a jiki kafin ya kama da sifana, don haƙoran sifana suna barin shati da ba ya gogewa. In gini ake ko gyara, famfo ya zama shi ne na ƙarshe, bayan an gama siminti da fenti da wanke tayil, domin asid ɗin da ake wanke tayil da shi ko tururinsa kaɗai yana cin kurom da sitenles, ka wayi gari ka ga famfo sabo ya yi tabo-tabo. In dole sai an ɗaura da wuri, a rufe shi da leda a ɗaure.

Na takwas, kula da shi

Ajiye ƙaramin tsumma mai laushi, irin maikurofaiba, a kusa da famfon, duk dare bayan an gama amfani ka busar da shi. Ruwan da bai bushe a jiki ba ba zai bar tabo ba, iyakar sirrin ke nan, kuma wannan ya shafi kowane launi. Sau ɗaya a sati, ɗigon sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi, ka wanke, ka ɗauraye sosai, ka busar.

In farin dutse ya riga ya kama, haɗa ruwan khal da ruwa rabi da rabi, jiƙa tsumma ka naɗa a wurin na 'yan mintuna, sannan ka ɗauraye da ruwa mai yawa. Wannan ga kurom da sitenles ne. Ga baƙi, da mai ruwan zinare, da mai launin ƙasa, fara duba takardar, sannan ka gwada a bayan famfon inda ba a gani, kuma kada ka bar shi ya kwana a jiƙe da khal kamar yadda wasu ke nunawa a bidiyo. In kan teburin sinkinka na mabul ne ka kiyaye kada khal ya ɗiga a kai, yana cinsa ya bar wuri dishi-dishi.

Soson ƙarfe, soso mai kaushi, da hodar gogewa mai tsakuwa-tsakuwa, duk ka nisanta su da famfo. Bilic ma haka, yana huda sitenles ƙanana-ƙanana in ya daɗe a kai. Kuma don Allah kada a taɓa haɗa bilic da ruwan khal, haɗin yana fitar da iskar kulorin mai guba, a ƙaramin banɗaki a rufe tana iya yi wa mutum illa sosai. In kana fesa maganin wanke sinki ko madubi, fesa a tsumma maimakon ka fesa a iska ya sauka kan famfon ya bushe.

Sai 'yar ragar nan da ke bakin famfo, wadda ke haɗa ruwa da iska. In ka ga ruwan ya fara fita a karkace ko yana watsuwa gefe-gefe yana jiƙa jikin famfon, ita ce ta toshe. Toshe ramin sinki tukuna don kada ƙananan abubuwan su faɗa, ka kwance ta da hannu ko da sifana da tsumma, wasu famfunan kuma suna zuwa da ɗan makullin roba na kwance ta, shi ma ka adana shi tare da takardar. Jera abubuwan ciki a kan tsumma yadda ka ciro su bi da bi don ka iya mayarwa, jiƙa ragar a khal kamar rabin awa, goge da burushin haƙori, ka ɗauraye. In famfonka baƙi ne ko mai launi, ciro ragar daga cikin zoben, ragar kaɗai za ta shiga khal, zoben mai launi ka wanke shi da sabulu kawai. Kafin ka mayar, buɗe ruwan na ɗan lokaci ya kore yashin da ke cikin bututu, sannan ka ɗaura da hannu, kada ka matse har robar ta tsage.